Ajiye biro, kwamfutar za ta kwafe maka

Ɗan akwati ya faɗo a allo da saƙon kuskure, ga lamba irin 0x80070005, linzami kuma ya ƙi zaɓar rubutun. Kada ka ɗauko biro. Harafi ɗaya ka kuskure, aikin ya tashi a banza.

Danna kan akwatin, ka latsa Ctrl da C, ka liƙa a Notepad. A akwatunan Windows na asali, har sunayen maɓallan sukan biyo.

In ya ƙi, sauke PowerToys na Microsoft, kyauta ne, ka kunna Text Extractor da ke cikinsa. Latsa Windows, Shift da T tare, ka ja linzami kan rubutun, Text Extractor ya kwafe shi. Amma fa hoto yake karantawa, yakan ɗauki sifili a matsayin O. Duba lambar da kyau kafin ka tura wa mai gyara.