Ɗigon Baƙin Mai: Jan Kunne Ga Masu Babur Da Makanikai

Kowace shekara, da zarar Satumba ta kama, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sukan shiga tashoshin mota da lasifika suna jan kunnen jama'a, ba su sararawa sai ƙarshen Disamba. Tun 1988 aka kafa hukumar, tun farkon 2009 kuma take fama da masu babur a kan hular kwano. Abin da suke nanatawa kowa ya san shi: gudun wuce sa'a, lodi, suɗaɗɗiyar taya, mataccen birki. Wannan takarda ta zo ne ta ɗora abu guda a kan nasu, abin da yake lalata taya da birki tun mutum bai bar ƙofar gidansa ba, wato baƙin man da ke tsatsa daga kan injin tsohon babur.

Ko da gwamnatin jiha ta sanar da hana acaɓa a 2020, babur bai bar garin Bauchi ba. Shi ke kai malami makaranta, shi ke ɗauko buhu daga kasuwar Muda Lawal, shi ke kai manomi gona ta hanyar Das. Da yawansu kuwa sun kwana biyu. Injin Honda CG, wanda aka fara ƙerawa a 1975, har yau shi da kwafinsa na Sin suna cike da titunanmu, ga kuma Bajaj Boxer ta Indiya. Je ka duƙa kusa da goma daga cikinsu a bakin Wunti, ka dubi kan injin. Za ka ga waɗanda ƙura da mai suka yi musu baƙar laka tun daga murfi har ƙasa. Tambayi mai shi, amsar ɗaya ce: "Ai ɗan tsatsa ne kawai, oga."

To, ya kai mai babur, saurara ka ji inda wannan ɗan tsatsa yake zuwa. Mai ba ya tsayawa inda ya fito. Idan kana tafiya, iska ce ke kwasarsa ta yi baya da shi. Ya bi jikin inji, ya sauka kan abin taka birki da na sa giya, ya jiƙa tafin takalminka, daga nan ya tarar da tayar baya. Mafi yawan nauyinka, da na matarka, da na yaron da ke goye a bayanta, yana tsaye ne a kan wani ɗan wuri na roba da bai wuce tafin hannu ba. Wannan ɗan wuri da ɗan'uwansa na tayar gaba su kaɗai ke riƙe da kwalta. A miƙaƙƙiyar hanya ba za ka ji komai ba, domin gefen taya ne ya jiƙe, tsakiyarta kuwa a bushe. Sai ka zo shataletalen Gidan Mai, ka karkata, gefen nan mai maiƙo ya taɓa ƙasa, babur ya zame daga ƙarƙashinka kafin ka gama salati. Ko kuwa yaro ya gifta, ka kai ƙafa birki, takalmi ya sulluɓe.

Ba kai kaɗai kake cutarwa ba. Duk inda ka tsaya jiran hannu, kana barin ɗigo a kan titi. Na bayanka ma ya bar nasa. Rani ya yi ta tara su. Ranar da ruwan farko ya sauka, wajen Afrilu ko Mayu, sai maiƙon nan duka ya taso saman kwalta, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba ya zo ya faɗi. Malamai sun karantar da mu cewa ɗauke abin cutarwa daga hanya ibada ce. To, ina matsayin wanda shi ne yake zuba abin cutarwar, safe da yamma, yana sane?

Akwai wanda ya fi wannan muni. Injin irin waɗannan babura bai cika ɗaukar abin da ya wuce lita ɗaya na baƙin mai ba. Lita ɗaya tak. Wanda ke zubar da cokali yau, cokali gobe, kuma ba ya zare geji ya duba, wata rana zai hau hanyar Jos da injin da ya kusa bushewa. Fistin ya yi zafi, ya kumbura, ya kame a cikin silinda, tayar baya ta daskare ana tsakiyar gudu, ga tirela a baya. Wanda Allah ya sa ya damƙe kuloci nan take yakan sha. Saura kuwa sai a ji labarinsu a sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sannan a taru a ce tsautsayi ne. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma wanda ya ga baƙin mai a ƙafar wandonsa wata uku bai gyara ba, kada ya kira sakacinsa tsautsayi. Rai amana ne, naka da na wanda ka goya, kuma za a tambaye ka.

Daga ina ɓarnar take farawa? Mafi yawa daga hannu ne. Kan inji da alminiyon aka yi shi, ƙarfe mai laushi. Ƙusoshin da ke riƙe murfinsa kuwa baƙin ƙarfe ne mai tauri, kaurinsu milimita 6 kacal, irin waɗanda sifana lamba 10 ke kamawa. Ka tuna da tsohuwar babbar riga, irin wadda mutum ya gada wurin mahaifinsa, ta sha wanki ta sha bugu har yadin ya yi laushi kamar auduga. Idan wuyanta ya ɓarke ka kai wa gwanin tela, zai ɗauki sabon zare mai ƙarfi, amma dubi yadda yake jan sa: a hankali, kamar mai lallashi, domin ya san in aka yi gardama tsakanin sabon zare da tsohon yadi, yadin ne zai yage. Ɗan koyo kuwa gani yake ƙarfin ja shi ne ƙarfin ɗinki, sai ya fizga, ramin allura ya zama ƙofa. In ramin ya riga ya buɗe, gwani ba ya ƙara ja, ba ya kuma neman allurar ɗinkin buhu. Maho yake sakawa ta ciki, mai ƙwari, zare ya sami abin kamawa, riga ta koma zuwa Idi. Haka kan inji yake. Ƙusa ita ce zaren, alminiyon shi ne yadin.

Sai ga shi abin da muke gani kullum a gareji akasin haka ne. Mai ya fara tsatsa saboda fakin murfin ya bushe ya ƙeƙashe, maimakon a sake shi, sai mai babur ya tsaya a kan yaron gareji yana cewa, "Ƙara masa ɗaya." Yaro ya ƙara. "Ƙara dai." Sai a ji sifana ta yi sakwaf, ƙusa tana juyawa ba ta kama komai. In aka zaro ta, za ka ga haƙoran ramin sun biyo ta, farare, a nannaɗe kamar siririyar waya. Daga nan sai a shiga "a lallaɓa": a naɗa zare ko leda, a cusa ƙusar da ta fi ramin girma, a cika wurin da gam, wani ma har ya ɗaure murfin da robar tsohon tub.

Malam makanike, da kai nake. Mutum ya ba ka abin hawansa ya ba ka kuɗinsa, ya tafi ya bar ka da Allah. Ka sani sarai gam ɗin da kake lafta wa murfi, rarar da ta matso ta ciki takan gutsure ta bi mai, ta toshe rariya ko siririyar hanyar da ke kai mai sama. Ka tsayar da ɗigon waje, ka kashe injin ta ciki. In yaronka ne ya cinye haƙorin, ka faɗa wa mai shi. Ɓoye aibi ha'inci ne, ko a kasuwa ko a gareji.

Gyaran gaskiya ba shi da tsawo. A fara wanke inji da kananzir, a bar shi ya bushe, a tayar, a barbaɗa ɗan toka ko hoda. Wuri mafi sama da ya fara yin duhu, nan ne ƙofar. A duba siririn tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa, domin in ya toshe, ko an cika mai ya wuce alama, ko ringi ya cinye, sabon fakin ma ba zai riƙe ba. In haƙorin rami ne ya tafi, akwai nannaɗaɗɗiyar waya ta ƙarfe da ake kira Helicoil. Ana toshe hanyoyin mai da tsumma mai tsabta, a ɗan faɗaɗa ramin a miƙe sambal, a yanka sabon haƙori da abin yankan da aka shafa wa giris don ya kama ɓarɓashi, a murɗa wayar ciki, a karya ɗan harshenta a fitar. Ƙusar asali ta koma mazauninta, sau da yawa ma ta fi kamawa fiye da da. In babu wannan, a cire kan injin a kai wa masu injin juya ƙarfe su dasa masa bushi. Ƙusar da ta karye a ciki kuwa, mai walda kan liƙa noti a kan guntun ya warware shi. Kada a bi ta da guduma da kurfi.

Wajen mayarwa, a bari inji ya huce. A tsane man da ya taru a cikin ramin, don yana iya tsaga alminiyon in ƙusa ta danne shi. A fara ɗaura kowace da yatsu, sannan a bi su bi da bi, kaɗan-kaɗan, da gajeriyar sifana. Ƙarfin da ake so bai wuce wajen niyuton-mita 10 ba, wato abin da wuyan hannu zai iya ba tare da an sa kafaɗa ba.

Sauran illolin a taƙaice: laka mai maiƙo tana cike tsakanin fikafikan inji ta hana iska sanyaya shi, musamman a zafin Maris da Afrilu, man da ke ɗiga kan salansa yana hayaƙi, in ya haɗu da yoyon fetur yana iya kama wuta, kuɗin ciko na 'yan watanni ya fi kuɗin fakin, man juye kuma kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya. Tayar da ta riga ta sha mai a wanke ta da ruwa da omo, takalmin birkin da ya jiƙe kuwa ba ya wankuwa, sai dai a saka sabo.