«Nan» da «can» a allon kwamfuta: ina fayil yake buɗewa?

Ɗalibin da ke juya hirar da ya naɗa zuwa rubutu yakan yi aiki da fayiloli da yawa lokaci guda: rubutun hirar, jerin kalmomi, da babin kundinsa. Abubuwa biyu ne ke taimaka masa wajen tsara su. Na farko shi ne manhajar gyaran rubutu mai kunnuwa, irin Notepad++, Kate ko Visual Studio Code, wadda ke jera fayiloli cikin taga guda, kowanne da ɗan kunnensa a sama mai ɗauke da sunansa. Na biyu kuwa teburan allo ne, wato raba allo ɗaya zuwa wuraren aiki da dama, kowanne da tagoginsa. Dabarar ta daɗe: masu bincike na Xerox PARC sun bayyana tsarin Rooms a 1986, Apple ya shigo da ita a 2007, Windows 10 kuma a 2015. Idan aka haɗa su biyun, wata matsala kan taso, kuma mai nazarin harshe zai gane ta da sauri, domin matsalar nuni ce.

Kalmomin nuni ba su da ma'ana sai an san inda mai magana yake. Hausa ta bambanta «nân» mai faɗuwar murya, kusa da mai magana, da «nan» mai karin sama, kusa da mai sauraro, sannan «cân» da ake hangowa, da «can» mai nisa. Wanda ya danna fayil sau biyu yana kan tebur na biyu, abin da yake nufi shi ne «buɗe mini shi nân». Amma sau da yawa fayil ɗin can tebur na ɗaya yake buɗewa, inda aka bar manhajar tun da safe.

Dalilin yana cikin matakan buɗewa. Da farko babbar manhajar kwamfuta tana duba ƙarshen sunan fayil, ta tayar da sabon kwafin manhajar da aka ɗora wa irinsa. Sabon kwafin ba ya buɗe taga nan take. Sai ya bincika ko akwai ɗan'uwansa da ke gudana. A Linux, ta hanyar D-Bus ake yawan yin wannan bincike. In ya same shi, sai ya miƙa masa sunan fayil ɗin, shi kuma ya rufe kansa. Tsohon kwafin ya ƙara kunne ɗaya a tagarsa, sannan ya roƙi mai kula da tagogi ya fito da ita gaba. Saƙon da aka miƙa suna ne kawai. Teburin da mutum yake kai bai zama dole ya shiga ciki ba. Ke nan cibiyar nunin ta koma wurin manhaja, ta bar wurin mai aiki.

Abin da zai biyo baya ya danganta da tsarin. Windows yakan ɗauke mutum ya kai shi teburin da tagar take. A macOS akwai zaɓi a saituna na bin manhaja zuwa teburinta ko ƙin bin ta. Wasu tsare-tsaren Linux kuwa sanarwa kawai suke nunawa, har mutum ya zaci fayil ɗin bai buɗe ba. A tsarin X11 kowace taga tana ɗauke da lambar teburinta, shi ya sa Kate take iya fifita kwafin da ke teburin da ake kai.

Mai son sabuwar taga a inda yake yana da hanya. Notepad++ yana karɓar umarnin -multiInst, Visual Studio Code kuma -n don sabuwar taga, -r don amfani da tsohuwa. Notepad na Windows 11, wanda ya sami kunnuwa a 2023, yana barin mutum ya zaɓi kunne ko taga a saitunansa.

Sai dai wannan hanya tana da haɗarinta. Kwafi biyu masu zaman kansu za su iya riƙe fayil guda, kowanne da gyaransa. Misali, an sa alamun karin sauti da tsawon wasali a tebur na ɗaya an adana, sannan aka gyara kalma guda a tsohon rubutun da ke tebur na uku, shi ma aka adana. Na ƙarshe ya danne na farko, aikin yini ya salwanta. Manhajoji da yawa suna gargaɗi cewa an canza fayil ɗin daga waje, amma mai gaggawa yakan rufe gargaɗin bai karanta ba.

Saboda haka, a ware wa kowane aiki teburinsa da tagarsa, a riƙa buɗe fayil daga cikin tagar da ake so, kuma a duba sauran teburan kafin a taɓa rubutun hira. Domin gwaji, a Windows a danna Win+Ctrl+D a samu sabon tebur, a buɗe wani fayil marar muhimmanci da manhajar da aka bari a tebur na farko, a lura da inda ya sauka.