Sanyin Kudancin Duniya Da Ruwan Shukarmu

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan mako a kan ruwan shuka ne, amma sai mun fara zuwa nesa tukuna sa'an nan mu komo gida. Manomin Ƙanƙara da na Faskari da na Sabuwa duk sun san watan Mayu da zafi da gumi da hadari mai yaudara. To, a cikin wannan wata ɗin akwai waɗansu manoma a ƙasashen kudancin duniya da ke neman bargo, kakarsu tana ƙarewa, ɗari yana shigo musu. Wanda bai sani ba sai ya ce ina ruwanmu da su. Da ruwanmu ƙwarai, gama sanyin nan nasu yana cikin abin da ke turo mana damina.

Yadda Lokatai Suke Saɓawa

Masana sun raba duniya biyu da wani layi na lissafi da ake kira Ikwaita. Mu muna arewa da shi. Afirka ta Kudu da Lesoto da Ajantina da Ostareliya suna kudu. Duniya kuwa a karkace take zagaya rana, karkatar ta kai digiri 23 da rabi. Saboda haka rabin shekara arewa ce ke fuskantar rana sosai, rabin shekara kuma kudu.

Wajen 21 ga Maris rana takan tsaya daidai bisa Ikwaita, daga nan ta yiwo arewa. Wajen 20 ga Afrilu takan zo tsakar kanmu a nan kudancin Jihar Katsina. Mai so ya gwada, ya kafa sanda miƙaƙƙiya a fili a ranakun nan, da tsakar rana zai ga kusan ba ta da inuwa. Daga nan har wajen ƙarshen Agusta inuwar tsakar rana kudu za ta riƙa faɗuwa, watau rana ta wuce mu ta yi arewa. Iyakar tafiyarta ita ce wajen 21 ga Yuni, ranar nan ce mafi gajarta a shekara ga mutanen kudancin duniya.

To, sa'ad da rana ta yi musu nisa haka, sai sanyi ya kama su. A tuddan Afirka ta Kudu, wajen Johannasbag, ruwan sama yakan ɗauke tun cikin Afrilu. A Mayu da Yuni sama garau, da rana hantsi mai daɗi, da dare kuwa sanyi har raɓa ta daskare bisa ciyawa. Lokacin nan ne suke girbin masara. A duwatsun Lesoto dusar ƙanƙara takan sauka. A can ƙarshen ƙasar kuma, wajen Kef Tawun, sha'anin dabam ne, ruwansu da sanyi yake zuwa, shi ya sa a Mayu suke shuka alkama. Manoman Ostareliya da na Ajantina su ma tsakanin ƙarshen kakarsu da farkon ɗari suke shuka tasu alkamar.

Ta Ina Ya Shafe Mu?

Ga ƙa'ida guda wadda ko wace uwargida ta sani a madafa: iska mai zafi sama take yi, kamar hayaƙin murhu, mai sanyi kuwa nauyi gare ta, ƙasa take kwantawa. Sa'ad da rana ta komo arewa sai ta gasa Hamada, iskar can ta yi sauƙi ta tashi sama, ta bar gurbi. A daidai wannan lokaci kuma babban tekun Atilantika ta wajen kudu yana hucewa, iska mai nauyi tana taruwa bisansa, wajen wani tsibiri da ake kira Sant Helena. Mai nauyin nan sai ta malalo zuwa gurbin da mai zafi ta bari, kamar yadda ruwa ke bin gangare.

Da ta ƙetare Ikwaita sai juyawar duniya ta karkata ta, ta riƙa zuwa mana daga kudu maso yamma. Tafiyarta duk bisa teku ce, saboda haka cike take da laima. Ta shigo ta Ikko, ta wuce Ilori da Minna da Birnin Gwari, ta fara isa Sabuwa, sa'an nan Faskari, sa'an nan Ƙanƙara, kana ta nufi birnin Katsina. Shi ya sa mutumin Sabuwa yakan riga na Ƙanƙara shuka, shi ya sa kuma ruwan shekara a Samaru ta Zariya yakan kai wajen milimita 1,000, watau inci 40, na birnin Katsina kuwa wajen 600.

Wani zai ce, ai mu hadarin gabas muka sani. Gaskiya ne. Iskar ƙasa ita ke kawo laima daga kudu maso yamma, amma a can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke tafiya daga gabas zuwa yamma, ita ke kora hadarin bayan ya haɗu.

Shamuwa ma shaida ce. Idan kaka ta yi a nan, takan bar mu ta tafi gabashi da kudancin Afirka, ta ci fara da tsutsa a daminarsu. Da ruwansu ya ɗauke, sanyi ya fara busowa, sai ta juyo, ta iso mu wajen Afrilu zuwa Mayu ta yi sheƙa a itatuwan gari. Zuwanta ya nuna shekara ta juya. Amma ku lura, tsuntsuwar nan ba iri ta saya da kuɗinta ba, kada ganinta kaɗai ya sa mutum ya ɗauki sungumi.

Ruwan Fari Da Ruwan Da Ya Zauna

A nan ne darasin yake. Magabata sun ce watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Alama dabam, ruwan da ya zauna dabam. A Afrilu da farkon Mayu sanyin kudu bai kankama ba, iskar laima ba ta da ƙarfi tukuna. Yau ta matso, gobe busasshiyar iskar Hamada ta mai da ita baya. Shi ya sa akan yi ruwa mai kyau sau ɗaya, sa'an nan a yi kwana goma ko goma sha biyar ba ko ɗigo.

Sai Mayu ya yi nisa, Yuni ya kama, ruwan teku kusa da Ikwaita ya yi sanyi sosai, sa'an nan iskar ke samun ƙarfin turowa ba ja da baya. Masu auna yanayi sun lura cewa a yawancin shekaru, wajen makon ƙarshe na Yuni, babban ruwan da ke zuba a bakin teku yakan taso gaba ɗaya ya komo arewa wajenmu. Daga nan damina ta kafu har zuwa markar Agusta.

In kuwa tekun kudu bai huce yadda ya saba ba, iskar takan yi rauni, ruwa ya tsaya a bakin teku, mu mu rasa. Dattawa ba su manta da farin 1973 ba, da na 1984. A 1984 an auna ruwan tekun nan an tarar ya fi yadda ya saba ɗumi, shekarar kuwa tana cikin mafi ƙarancin ruwa da aka taɓa rubutawa a ƙasashen bakin Hamada.

Hasarar gaggawa ba ƙarama ba ce. Ƙwayar masara da ta sha ruwa ta fara tsiro, idan ƙasa ta bushe mata, ta mutu ke nan, ba ta jira kamar geron da aka yi binnensa a busasshiyar ƙasa. Mutum ya sayi iri mai tsada, ya biya 'yan ƙwadago, ya rasa duka, ya sake shuka da abin da ya samu a kasuwar Dandume ko Sheme, ba ya ma san asalin irin ba. Ga shi kuma matsalar 'yan bindiga ta raba mutane da yawa a ƙasashen nan uku da gonakinsu na nesa, sai 'yar ta kusa da gari. Wanda gonarsa ɗaya ce, ba shi da halin yin caca da ita.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Na ɗaya, a auna ruwa, kada a tsaya ga ganin ido. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, a yanke murfinsa duka, a ɗora shi a kan turke a fili nesa da itace da indararo. Bayan ko wane ruwa a sa rula a auna, a rubuta, a zubar. Yaron makaranta ma ya iya wannan.

Na biyu, ruwan shuka shi ne wanda ya kai milimita 20 ko fi, watau kusan inci ɗaya, cikin kwana biyu ko uku a jere. A kuma tona ƙasa a gani. In laima ba ta kai tsawon tafin hannu ba, a dakata.

Na uku, a duba iska da safe. In tana zuwa daga kudu maso yamma kwana da kwanaki, da sanyi-sanyi da gajimare, ta zauna. In kuwa yau kudu gobe arewa, ga leɓe yana bushewa, da saura.

Na huɗu, a saurari hasashen damina da Hukumar NiMet ke fitarwa a farkon ko wace shekara. Takan faɗi lokacin da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa. A tambayi malamin gona na yanki abin da aka ce game da ƙaramar hukumarku.

Na biyar, kwanakin jira ba na zama ba ne. A gama sharar gona, a kai taki, a gyara garma. A gwada iri: a ƙirga ƙwaya 100, a naɗe a jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa ruwa, bayan kwana bakwai a ƙirga waɗanda suka tsira. In ba su kai 85 ba, a ƙara yawan ƙwaya a rami ko a sake iri.

Na shida, a bi shuka daki-daki. Masara da dawa su fara da zarar ruwa ya zauna, auduga da waken suya daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. In ruwa ya makara, a nemi irin masara mai saurin nuna na kwana 90, irin waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da sunan SAMMAZ. Kada kuma a shuka iri duka rana ɗaya, a rage kaɗan don cike gurbi.

Na bakwai, kada a zuba takin zamani a busasshiyar ƙasa, kada kuma a bar shi a sarari. A jira laima, a tona gefen shuka, a sa, a rufe.

To, jama'a, in kun ji a rediyo an ce sanyi ya kama mutanen Afirka ta Kudu, ku san iskarmu tana hanya, ku shirya iri da taki, amma gwangwani da laimar ƙasa su za su gaya muku ranar shuka. Ruwa dai na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so, namu shi ne lura da haƙuri. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba mu zaman lafiyar noma ta, amin.