Manzannin sarkin Rum da dawakinsu

Mai karatu, ka san doki. In ka sake masa linzami zai yi gudu kamar iska, amma ba da jimawa ba sai ya gaji. To, yaya mutanen Rum na da can suke kai saƙo nesa, babu mota, babu waya?

Rum babban birni ne a ƙasar Italiya. Mulkinsa ya kai har Masar da Faransa da Ingila. Sarki Agustas, wanda ya rasu a shekara ta 14 bayan haihuwar Annabi Isa, shi ya tsara aikin manzanni. Aka gina zango-zango bisa manyan hanyoyi. Bayan kilomita 10 zuwa 15 akwai wurin sake doki. Can gaba kuma akwai gidan kwana, da abinci da ciyawa. Doki ake sakewa, mutum ba a sake shi. Dalili kuwa, wanda ya ga abu da idonsa, shi sarki yake so ya yi wa tambaya.

A tahiya ta kullum, manzo yana cin kamar kilomita 75 a yini. Ka auna da hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, wajen kilomita 240: kwana ukku ke nan da ɗan ƙari. Ba wani gudun mamaki ba ne.

Amma in abu ya ɓaci, sai a yi ta kashe dawaki da gudu. A shekara ta 9 kafin haihuwar Annabi Isa, Tibariyas, wanda ya zama sarki daga baya, ya ji labari ƙanensa Durusus ya faɗi daga doki a ƙasar Jamus, yana kwance rai ga Allah. Ya tashi daga arewacin Italiya. Marubutan lokacin sun ce ya ci wajen kilomita 300 cikin yini ɗaya da dare ɗaya. Ya iske ƙanen da sauran numfashi. Kuma ka sani, mahayan Rum ba su da likkafa, ƙafafu na reto haka nan. Ka tuna da ciwon cinya!

Ba kowa ke hawan waɗannan dawaki ba, sai mai takardar izini. Wa ke biyan kuɗin? Talakawan garuruwan bakin hanya. Su ke ba da dawaki da ciyawa, ko suna so ko ba su so. Kukansu ya yi yawa, har sarki Narba ya ɗauke wa mutanen Italiya wannan kaya a shekara ta 97. Sauran ƙasashe suka ci gaba da biya.