Kafin ki sa kunne a wayar yarinya

'Yata, saƙonki ya iso, na kuma ji damuwar da ke cikin muryarki. Kin ce 'yarki ta fara rufe ƙofa idan an kira ta, har wata maƙwabciya ta nuna miki manhajar da ke naɗar kira ba da sanin mai waya ba. Dakata tukuna, ki saurari gwaggonki.

Ƙasar da Allah ya kai ku ba ta ɗauki wannan abu da wasa ba. Tun 1968 dokar tarayyar Amurka ta hana a saurari hirar mutane ta waya ko a naɗe ta, sai da yardar ɗaya daga cikin masu maganar. Wasu jihohin, irin su Kalifoniya da Fulorida da taku Washinton, sun ƙara tsaurarawa: sai kowa da ke kan layi ya amince. Za ki ce ai ke kika haife ta, ke kike biyan kuɗin wayar. Haka ne. Amma wanda ke ɗaya ɓangaren fa? Ɗan wasu ne, shi ma doka ta san da shi.

A jiharku aka yi wata shari'a da nake so ki riƙe. Yarinya 'yar shekara 14 ta ɗauki wayar gida ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Uwar ta danna maɓallin lasifika a jikin mazaunin wayar, ta zauna tana ji tana rubutawa, saurayin yarinyar yana ta zuba kan wata jaka da aka fizge wa wata mata. Uwar ta ba da shaida, aka yanke wa yaron hukunci. A 2004 kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin, ta ce sauraron ya saɓa wa doka. Ki duba fa, abin da uwar nan ta ji gaskiya ne, kuma duk da haka bai tsaya a gaban alƙali ba.

Ba ko'ina ake haka ba. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke a 1998 cewa uwa ko uba na iya yarda a madadin ƙaramin yaro, muddin akwai dalili mai ƙarfi na kare shi. Babbar kotun jihar Niyok ta bi wannan hanya a 2016, a kan wani uba da ya kira wayar mahaifiyar ɗansa, layi ya buɗe ba a lura ba, ya ji wani namiji yana yi wa ɗansa mai shekara 5 barazanar duka, sai ya naɗa. Wannan tsoro ne mai hujja. Rufe ƙofa kuwa, wace budurwa ce ba ta yi? Ke ma kin yi, ina gani ina yin shiru.

Addininmu ma bai bar mu haka ba. Suratul Hujurati ta hana tajassusi, wato leƙen asirin mutane. Tarbiyya wajibi ce a kanki, sai dai a yi ta a fili. Ki zaunar da ita ki ce: wayar nan amana ce, za ta riƙa kwana a falo, zan san lambar sirrinta, kuma duk mai kiranki ina so in san sunansa da na iyayensa. Za ta kumbura baki kwana biyu, ba komai. Wadda ta gano an yi mata laɓe ita ce ke sayen wani layin a ɓoye, daga nan kuma kin rasa bakin zaren.

In kuwa kin ga alamar da ta wuce ƙuruciya, kamar babban mutum yana aiko mata da kyauta ko yana neman hotunanta, kada ki tsaya naɗar murya. Ki bar saƙonnin yadda suke, kada a goge ko ɗaya, ki sanar da babanta, ku tuntuɓi lauya ko 'yan sanda a ranar.

Ki gaida maigidan, ki ce wa jikata ta kira ni ranar Juma'a.