Yadda Jiragen Sama Ke Kauce Wa Juna A Sararin Samaniya

Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar Flightradar24 a wayarsa ya ga yadda jirage ke cika taswira kamar tururuwa. Tambayar da ke biyo baya ita ce: me ke hana su karo? Kariyar hawa uku ce: jami'in kula da zirga-zirga a ƙasa, idon matuƙi, da wata na'ura mai suna TCAS.

Hawa na farko: tazara

Jami'an da ke ƙasa su ne ke raba wa jirage hanya. A can sama, tsakanin ƙafa 29,000 zuwa 41,000, ana barin tazarar ƙafa 1,000, wato kusan mita 300, tsakanin jirgin da ke sama da na ƙasansa. Muddin kowa ya tsaya inda aka ba shi, lafiya lau. Matsala na tasowa ne idan jami'i ya yi kuskure, ko matuƙi bai ji umarni daidai ba.

Hawa na biyu: ido

An ɗora wa kowane matuƙi alhakin dubawa waje, kuma doka ta ce idan jirage biyu suka fuskanci juna kai tsaye, kowa ya karkata zuwa damansa. Sai dai ido yana da iyaka. Idan kowane jirgi na gudun kilomita 900 a awa, tazarar da ke tsakaninsu na raguwa da mita 500 a daƙiƙa guda. Jirgin da aka hango a nisan kilomita 5 zai iso cikin daƙiƙa 10. Abin da ya fi muni, jirgin da ke kan hanyar karo ba ya motsi a gilashin matuƙi. Yana tsayawa wuri ɗaya kamar ɗigon ƙura, sai a ƙarshe ya girma farat ɗaya. Shi ya sa ake koya wa matuƙa su riƙa duba sama yanki-yanki, suna ɗan tsayar da ido a kowane yanki.

Hawa na uku: TCAS

Wannan na'ura ba ta jiran kowa a ƙasa. Tana aika tambaya ta rediyo a zangon mega 1030, na'urar amsawa ta jirgin da ke kusa kuma ta mayar da amsa a zangon mega 1090, ɗauke da tsayin da yake kai. Daga lokacin da amsar ta ɗauka kafin ta dawo ne ake gane nisa, kuma da maimaita tambayar ake lissafa daƙiƙoƙin da suka rage kafin haɗuwa. A wannan zango na 1090 ne jirage ke watsa bayanan da Flightradar24 ke tattarawa.

Gargaɗin iri biyu ne. Na farko yana zuwa kusan daƙiƙa 20 zuwa 48 kafin haɗuwa: ɗigo mai ruwan ɗorawa ya bayyana a allo, murya ta ce akwai jirgi kusa. Na biyu umarni ne, daƙiƙa 15 zuwa 35 kafin haɗuwa: alamar ta koma ja, murya ta ce a hau ko a sauka. Na'urorin jiragen biyu suna daidaitawa a tsakaninsu, idan ɗaya ta ce hau, ɗayar za ta ce sauka. Ana son matuƙi ya fara bin umarnin cikin daƙiƙa 5.

Darasin da aka saya da rai

Ranar 31 ga Janairun 2001, jiragen Japan Airlines biyu, Boeing 747 da DC-10, ɗauke da mutum 677, sun kusa karo a sararin Japan. Jami'in ƙasa ya umarci 747 ya sauka, TCAS kuma ta ce ya hau. Matuƙin ya ci gaba da sauka, a daidai lokacin da DC-10 ma ke sauka bisa umarnin na'urarsa. A ƙarshe ido ne ya cece su, matuƙin 747 ya dulmiyar da jirginsa ya bi ta ƙasan ɗayan, mutane da dama suka jikkata.

Ranar 1 ga Yulin 2002 aka maimaita irin wannan a Überlingen da ke kudancin Jamus. TCAS ta ce wa jirgin Rasha ƙirar Tu-154 ya hau, jami'in da ke Zurich ya ce ya sauka, matuƙan suka bi jami'in. Jirgin kaya na DHL shi ma yana sauka kamar yadda na'urarsa ta umarta. Suka yi karo, mutum 71 suka rasu, akasarinsu yara.

Bayan haka hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fayyace doka: idan umarnin TCAS ya saɓa da na jami'in ƙasa, na TCAS ake bi, sannan a sanar da jami'in. An kuma fito da sabon samfuri, 7.1, wanda ke iya juya umarninsa idan ya ga ɗaya jirgin ya yi akasin abin da aka ce masa. Tarayyar Turai ta wajabta shi ga manyan jiragen da ke shiga sararinta daga Disambar 2015.