Darasi: Yarinyar da ta tsira tana bukatar mai saurarenta

A ƙasar Amurka akwai baƙi masu yawa da suka zo daga Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka. Ɗiyansu mata ana ce musu Latina. Likitoci sun daɗe da lura cewa ƙoƙarin kashe kai ya yi yawa cikin waɗannan ƴan mata.

Mi ya kawo haka? Wani malami, Luis Zayas, ya bincika, ya fid da littafi a shekarar 2011. Ya ga yarinya tana tsakanin al'adu biyu. A gida, iyaye suna riƙe da al'adar ƙasarsu. A lakwal kuwa, al'ada dabam ce. In uwa da ɗiya ba su fahimci juna ba, sai yarinya ta haɗiye baƙin cikinta ita kaɗai.

A shekarar 2008, Dokta Rosa Gil ta kafa wani shiri a birnin Niyu Yok. Sunansa Life is Precious, watau rai yana da daraja. In an tashi lakwal, ƴan matan suna zuwa can. Ana taimakonsu ga karatu. Suna zane, suna kiɗa. Ana kiran iyaye, a tattauna da su cikin Sifaniyanci, harshen gidansu. Likita kuma bai daina duba yarinya ba.

Wadda ta tsira, zagi da duka ba su warkar da ita. Likita, haƙuri da kunnen uwa su ne magani.

Tambayoyi:
1. Su wane ne Latina?
2. Don mi ake kiran iyaye?